Tarihin René Lacoste: Mai Rigar Kada Da Ya Ƙare Rayuwarsa Kan Raket Da Tsirkiya

A wannan makon za mu leƙa ƙasar Faransa ne domin mu kawo muku tarihin wani mutum wanda da wuya a samu ɗan kasuwar tufafi, tun daga Kejetiya ta nan Kumasi har zuwa Aflao, ko daga Paga zuwa Bawku, wanda bai taɓa riƙe sunansa a hannu ba, ko da kuwa bai san mai sunan ba. Muna nufin René Lacoste, mai rigar nan mai kwala da ɗan koren kada a ƙirji.

Da yawa daga cikinmu a Zango mun ɗauka sunan kamfani ne kawai, alhali kuwa sunan wani zakaran wasan tanis ne na duniya, wanda ciwo ya raba shi da fili yana da kimanin shekara 25, sannan ya shafe sama da shekara 60 yana bin diddigin tambaya guda: me hannun ɗan wasa yake ji idan ƙwallo ta daki raket, kuma yaya za a gyara wannan ji? Ga wanda bai saba da wasan ba, raket shi ne abin buga ƙwallon, mai kama da rariya mai dogon mariƙi, wanda ake saƙa fuskarsa da tsirkiya a tsaye da kuma a gicciye.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Jean René Lacoste a birnin Faris ranar 2 ga watan Yulin 1904. Mahaifinsa, Jean-Jules Lacoste, babba ne a kamfanin Hispano-Suiza mai ƙera motoci da injinan jiragen sama, saboda haka yaron ya tashi ne a gidan da hirar inji da ƙarfe ta zama ruwan sha. Burin uban shi ne ɗansa ya yi karatun injiniya. Shi kuwa René bai fara tanis ba sai da ya kai shekara 15, lokacin da ya raka mahaifinsa wata tafiya zuwa Ingila, wanda a wajen masu wannan wasa an makara ke nan. Labarin da aka fi bayarwa shi ne uban ya amince ya jingine karatu, amma bisa sharaɗin ya zama zakaran duniya cikin shekara 5.

Yaron ba shi da ƙirar ƙarfi, ba shi kuma da irin baiwar da ke sa 'yan kallo su miƙe tsaye. Abin da yake da shi shi ne naci. Yakan yini yana buga ƙwallo a jikin bango, kuma duk inda ya je yana tafe da ɗan littafi, inda yake rubuta halin kowane abokin karawa: wane bugu yake so, wane ne yake tsoro, da kuma lokacin da yake fara gajiya. Kamar dai yadda ɗan kasuwa mai lura yake riƙe littafin bashi, ya san wanda ke biya da wanda sai an bi shi, haka Lacoste ya riƙe littafin 'yan wasa.

Yadda sunan kada ya maƙale masa

A shekarar 1923 tawagar Faransa ta je birnin Boston na Amurka domin gasar Kofin Davis, wato gasar ƙasa da ƙasa. Kamar yadda shi da kansa ya riƙa bayar da labari, a can ne ya ga wani akwati na fatar kada a wani kanti ya shiga ransa, sai shugaban tawagar, Allan Muhr, ya yi masa alkawarin saya masa idan ya ci wasansa na gaba. Bai ci wasan ba, bai kuma samu akwatin ba, amma labari ya kai kunnen 'yan jaridar Amurka, waɗanda suka ga sunan ya dace da salon wasansa, domin kuwa idan ya kama ba ya saki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafkin kadojin Paga ya san wannan hali: kwanciya shiru kamar gungume, sai lokacin da ya dace. Daga bisani wani abokinsa mai suna Robert George ya zana masa hoton kada, aka ɗinka a ƙirjin kwat ɗin da yake shiga fili da ita.

Lacoste ya cika sharaɗin mahaifinsa. Ya ci gasar Faransa a 1925 da 1927 da 1929, ya ci ta Wimbledon a Ingila a 1925 da 1928, sannan ya ci ta Amurka a 1926 da 1927, manyan kofuna 7 ke nan, kuma an lissafa shi na ɗaya a duniya a 1926 da 1927. Shi da abokansa uku, Jean Borotra da Henri Cochet da Jacques Brugnon, su ne Faransawa suka yi wa laƙabi da barade huɗu.

Babban abokin hamayyarsu shi ne Ba'amurken nan Bill Tilden, dogo mai bugu kamar tsawa, wanda ƙasarsa ta riƙe Kofin Davis tun daga 1920. Dabarar Lacoste a kansa ita ce ya riƙa mayar masa da kowace ƙwallo, ya yi ta jan wasa har ƙafa ta gaji. A wasan ƙarshe na gasar Faransa ta 1927, sau biyu Tilden yana zuwa gaɓar da maki ɗaya ya rage masa ya ɗauki kofi, amma Lacoste ya ƙwace, ya cinye zagaye na biyar da ci 11 da 9. A watan Satumban shekarar kuma baraden huɗu suka je Filadelfiya suka raba Amurka da Kofin Davis da ci 3 da 2. Domin kare wannan kofi ne aka gina filin Roland Garros a Faris a 1928, kuma kofin ya zauna a Faransa har zuwa 1932.

Zamanin katako da hanji

A wancan zamani raket na katako ne, nauyinsa yakan kai kusan giram 400, kuma idan ya sha danshi sai ya karkace, abin da ya sa ake ɗaure shi cikin matsi bayan an tashi daga wasa. Tsirkiyar kuwa daga hanjin dabba ake yin ta. Wani Bafaranshe mai suna Pierre Babolat ne a birnin Liyon, wanda gidansu ke sarrafa hanji domin tsirkiyar kayan kiɗa, ya fara yin ta tanis a 1875. Da farko da hanjin tumaki ake yi, daga baya aka koma na shanu. Akan feɗe wata siririyar fata da ke lulluɓe da hanjin, a yanka ta zare-zare, a wanke, a murɗa, a shanya, sannan a goge. Raket ɗaya yana cin kimanin mita 12 na tsirkiya, wanda ke buƙatar hanjin shanu 2 zuwa 3. Ke nan irin kayan cikin da mahautanmu ke fitarwa kullum a mayankar Kaase, irinsa ne ake mayarwa tsirkiya mafi tsada a duniyar tanis har gobe.

Lacoste bai ɗauki waɗannan kaya a matsayin abin da aka saukar ba a taɓawa. Shi da abokansa sun yi ta gwada samfurin tsirkiyar Babolat, har kamfanin ya fitar da wadda ya sa wa suna VS a 1925, sunan da ake sayarwa da shi har yanzu. Da ya ga mariƙin katako yana sulɓe masa idan ya yi gumi, sai ya naɗe shi da filastar asibiti. Haka kuma a ƙarshen shekarun 1920 ya ƙera wani inji mai harba ƙwallo, wanda ake juyawa da hannu, domin ya riƙa maimaita bugu ɗaya sau ɗaruruwa ba tare da ya gajiyar da kowa ba. A 1928 kuma ya wallafa littafi a kan dabarun wasan.

Ciwo, aure da riga

Ana cikin wannan tashe ne ciwon ƙirji ya kama shi. Bayan ya ci gasar Faransa ta 1929 lafiya ta ƙi, dole ya ajiye gasa a daidai shekarun da sauran 'yan wasa ke fara cin moriyar wahalarsu. A 1930 ya auri Simone Thion de la Chaume, wadda ita ma zakara ce a wasan golf, suka haifi 'ya'ya maza uku da mace ɗaya. 'Yar tasu, Catherine, ta ci babbar gasar golf ta mata ta Amurka a 1967. Shi kuwa ya koma harkar masana'antu, musamman ta kayan jiragen sama da motoci.

Ita ma rigar da muka sani daga matsalar fili ta fito. A da, 'yan tanis suna wasa ne da farar riga mai dogon hannu da maɓallai har wuya, wadda ke ɗaure kafaɗa ta kuma riƙe gumi. Lacoste ya sa aka yi masa mai gajeren hannu da saƙar auduga mai ƙananan ƙofofi da iska ke ratsawa. A 1933 ya haɗa gwiwa da André Gillier, mai masaƙa a garin Troyes, suka kafa kamfani suka fara sayar da ita da lambar L.12.12, da kada a ƙirji. Tana cikin tufafin farko da aka fito da tambarin mai su a waje inda kowa zai gani. Ga 'yan kasuwa, yana da kyau a sani cewa kadan Lacoste dama yake kallo. Akwai wani kamfani na Hong Kong mai suna Crocodile Garments wanda nasa kadan ke kallon hagu, kuma sun daɗe suna shari'a kafin su sasanta a 2003. A 1963 Lacoste ya miƙa ragamar kamfanin ga ɗansa Bernard, shi kuma ya ƙara samun sukunin komawa ɗakin gwaje-gwajensa.

Raket na ƙarfe

Tun a shekarun 1920 aka gwada yin raket da ƙarfe, musamman a garin Dayton na Amurka, amma abin bai karɓu ba wajen manyan 'yan wasa. Matsalar ita ce idan aka huda ƙarfe aka zura tsirkiyar hanji, bakin hudar yakan yanke ta. Idan kuma aka sa tsirkiyar waya, sai ta riƙa cinye gashin ƙwallo. Lacoste ya daɗe yana juya wannan matsala, har a farkon shekarun 1960 ya samo mafita: ya ƙi huda firam ɗin sam. Ya lanƙwasa siririn bututun ƙarfe ya yi firam, ya naɗa waya a kewayensa ta riƙe wani zobe na waya daga ciki, sannan aka rataya tsirkiya a jikin wannan zobe. Ta haka tsirkiya ba ta gogar bakin ƙarfe, kuma da yake firam ɗin siriri ne, yana ratsa iska da sauri fiye da katako.

An fitar da wannan raket a 1963, sannan kamfanin Wilson na Amurka ya karɓi lasisinsa ya fara sayar da shi a 1967 da sunan T2000. A shekarar ce Billie Jean King ta ci gasar Amurka da shi. Amma wanda ya fi kowa fito da shi shi ne Jimmy Connors, wanda ya ci manyan kofunansa 8 da shi tsakanin 1974 da 1983, ya kuma ci gaba da riƙe shi bayan sauran 'yan wasa sun watsar. Dalilin watsarwar kuwa shi ne raket ɗin yana cilla ƙwallo kamar danƙo, amma wurin da ke ba da bugu mai daɗi a fuskarsa ɗan ƙarami ne. Idan ka dace da shi ka more, idan ka kuskure hannunka ya gaya maka. Su ma masu saƙa tsirkiya ba su so shi ba, saboda wahalar ɗaurinsa.

Abin da ke faruwa idan ƙwallo ta daki tsirkiya

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu yi bayani, domin sai an gane wannan za a gane aikin Lacoste. Masana kimiyya irin su Howard Brody na Jami'ar Pennsylvania da Rod Cross na Jami'ar Sidni sun auna abin da kyau. Ƙwallon tanis, mai nauyin giram 56 zuwa 59, ba ta wuce kimanin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya a kan tsirkiya. A cikin wannan ɗan lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, ƙwallo tana lotsewa, tsirkiya ma tana lotsawa, sannan su duka su dawo.

To amma ba daidai suke mayar da ƙarfi ba. A dokar wasan, idan aka saki ƙwallo daga tsayin santimita 254 a kan siminti, santimita 135 zuwa 147 kawai take tashi, wato tana zubar da kusan rabin ƙarfinta. Ita kuwa tsirkiya tana mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da aka ba ta. Saboda haka idan aka sassauta ɗauri, tsirkiya ce ke ɗaukar yawancin lotsawar, ƙwallo ta ɗan ƙara jimawa a kanta, ta fita da ɗan ƙarin gudu da nisa, duka kuma ya iso hannu da taushi. Idan aka tamke ɗauri, ƙwallo ce ke shan matsa, ta bar raket da wuri, ɗan wasa ya ji ya fi iya saita ta, amma dukan yakan iso hannu da kaifi. Duk direban da ya taɓa cika wa taya iska fiye da kima ya bi hanyar burji ya san wannan, domin kuwa kowane tsakuwa sai ya ji shi a ƙugunsa.

Da kilo ake auna ɗaurin, kuma yawancin 'yan wasa suna tsakanin kilo 20 da 30. Bjorn Borg na ƙasar Suwidin yakan kai kimanin kilo 36, har tsirkiyarsa takan tsinke da kanta cikin dare a ɗakin otal, yayin da abokin hamayyarsa John McEnroe, mai wasan lallaɓa ƙwallo, yake ɗaurawa ƙasa da kilo 25. Dukansu zakaru ne, kowa da abin da hannunsa ke so. Kaurin tsirkiya ma yana da nasa tasiri: siririya ta fi taushi da kama ƙwallo amma ta fi saurin tsinkewa, mai kauri ta fi ƙarko amma ta fi tauri. Haka nan saƙa mai faɗin ido, kamar 16 a tsaye da 19 a gicciye, ta fi taushi a kan mai matsattsen ido ta 18 da 20. Taura biyu dai ba ta taunuwa, duk abin da ka samu a nan sai ka biya shi a can.

Jijjiga iri biyu da 'yar robar Lacoste

Bayan ƙwallo ta tafi, raket yakan ci gaba da jijjiga, kuma jijjigar iri biyu ce. Ta farko ita ce ta tsirkiya, wadda ke kaɗawa kimanin sau 500 a daƙiƙa, ita ce ke ba da ɗan sautin nan mai kama da na molo. Kamar yadda mai kalangu yake matse tsarkiyarsa a hammata murya ta tashi, haka sautin raket yake tashi idan ɗauri ya yi ƙarfi, shi ya sa ɗan wasa yakan buga fuskar raket a tafin hannu ya kasa kunne. Ta biyu ita ce ta firam, wadda ke kaɗawa sau 100 zuwa 200 a daƙiƙa, kuma ita ce ke ratsa mariƙi ta shiga hannu. Takan yi tsanani idan ƙwallo ta daki gefe, kamar yadda mai faskare yake jin zafi har kafaɗa idan ya kuskure ya daki itace da ƙotar gatari.

Lacoste ya yi aiki a kan duka biyun. A shekarun 1960 ya fito da wata 'yar roba da ake maƙalawa a tsakanin tsirkiya domin kashe kaɗawarta, wadda ita ce kakar 'yan robobin da ake gani a raket a yau. A shekarun 1970 kuma ya yi rajistar wata dabarar da ake sakawa a cikin gindin mariƙi domin ta shanye jijjigar firam. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa yana da dalilin raba aikin gida biyu, domin 'yar robar tsirkiya sauti kawai take kashewa. Nauyinta 'yan giram ne, ba ta da ƙarfin tsayar da firam mai giram 300, saboda haka ba ta maganin ciwon gwiwar hannu da ke damun 'yan tanis, irin wanda ke kama kafintoci da masu fenti da mahauta saboda maimaita motsi ɗaya. Abin da ke rage wa hannu duka shi ne tsirkiya mai taushi, da ɗauri mai sassauci, da raket mai ɗan nauyi wanda bai cika tauri ba, da kuma iya bugu. Duk da haka robar tana da amfaninta, tunda kunne da hannu tare suke yanke hukunci, kuma wanda sautin ke damunsa yakan fi natsuwa idan an kashe shi. Andre Agassi ma da robar ɗaure kuɗi yake yin tasa. Doka dai ta ce a sa ta a wajen inda tsirkiyoyi suka gicciya.

Wani abin lura shi ne, kafin saƙon dukan ya kai ƙwaƙwalwa har mutum ya yi wani abu a kai, ƙwallo ta riga ta tafi. Ke nan abin da hannu ya ji ba ya gyara bugun da aka riga aka yi, sai dai ya zama darasi ga na gaba. Wannan ne ya sa ƙwararru ba sa son a kashe jin gaba ɗaya, domin shi ne ke gaya musu inda suka daki ƙwallo. Mutumin da ya saba rubuta kuskuren yau domin wasan gobe, ba mamaki ya damu da irin labarin da raket ke kai wa hannu.

Ranar da aka karya lagon raket ɗin

Wani abin sha'awa shi ne, da irin dabarar Lacoste aka kayar da raket ɗin Lacoste. Ranar 5 ga watan Yulin 1975 Connors ya haɗu da Arthur Ashe a wasan ƙarshe na Wimbledon, kuma kusan kowa ya ba Connors nasara. Ashe ya zauna da abokansa suka yi nazari, suka gane cewa Connors da raket ɗinsa da ƙarfin abokin karawa suke cin abinci: ka buga da ƙarfi, ta dawo maka da wanda ya fi shi. Sai Ashe ya riƙa ba shi ƙwallo mai laushi, ƙasa-ƙasa, wadda dole sai ya ɗago ta da kansa, shi kuwa ya yi ta zubarwa a raga ko a waje. Ashe ya ci da 6-1, 6-1, 5-7, 6-4, ya zama baƙar fata namiji na farko da ya ɗauki wannan kofi. Shi Ashe ba baƙo ba ne a yankinmu, domin ya zo Ghana da Nijeriya a rangadin da ya yi a 1970, kuma yana tsakiyar wasa a Legas a watan Fabrairun 1976 sojoji suka fitar da shi daga fili da bakin bindiga, kwanaki kaɗan bayan kisan Janar Murtala Muhammad.

Daga nan zamani ya ci gaba da juyawa. A 1976 kamfanin Prince ya fito da raket mai faɗin fuska, a shekarun 1980 kuma na garafayit, mai sauƙin nauyi da tauri, ya kori katako da ƙarfe baki ɗaya. A ɓangaren tsirkiya, nailan mai araha ya riga ya wadata tun bayan yaƙin duniya na biyu. A 1977 wata saƙa mai ninki biyu da wani Bajamushe, Werner Fischer, ya ƙirƙiro ta riƙa murza ƙwallo fiye da kima, har hukumar tanis ta duniya ta haramta ta. A 1997 kuma Gustavo Kuerten na Birazil ya ci gasar Faransa da tsirkiyar foliyesta ta kamfanin Luxilon, wadda ke da tauri da ƙarko, tana kuma ba mai ƙarfi damar murza ƙwallo, amma tana saurin sakin ɗauri, tana kuma wahalar da hannu. Shi ya sa 'yan wasa irin su Roger Federer suka riƙa raba ƙafa, hanji a tsaye, foliyesta a gicciye.

Ƙarshen rayuwarsa

Tsufa bai raba Lacoste da gwaje-gwaje ba. A 1988, yana da shekara 84, ya fitar da wani sabon raket mai suna Equijet, wanda Guy Forget ya riƙe lokacin da Faransa ta doke Amurka ta ɗauki Kofin Davis a Liyon a 1991, karo na farko tun 1932. Jagoran tawagar a ranar shi ne Yannick Noah, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, kuma Arthur Ashe ne ya gano shi yana yaro a Yawunde a 1971.

René Lacoste ya rasu ranar 12 ga watan Oktoban 1996 a garin Saint-Jean-de-Luz da ke kudu maso yammacin Faransa, yana da shekara 92, kuma shi ne na ƙarshe da ya rage cikin baraden huɗu. Kofin da ake ba zakaran maza a Roland Garros da laƙabinsu ake kiran sa. Kamfanin kuwa ya fita daga hannun iyalinsa a 2012, inda kamfanin Maus Frères na ƙasar Suwizalan ya saye shi bayan saɓani ya shiga tsakanin magada.

Kafin mu rufe, ga ɗan guzuri ga 'yan'uwa da raket kan faɗo hannunsu cikin kayan gwanjo, ko masu son saya wa yaro mai sha'awar zuwa gasa irin ta Dala Hard Court da ake yi a Kano. A duba firam ko ya tsage, domin tsagaggen firam ba ya gyaruwa. Tsirkiyar da ta daɗe a jiki ta riga ta saki ko da ba ta tsinke ba, sai a sake ta. Ta hanji ba ta shiri da danshi irin na daminar Kumasi, ga kuma tsada, saboda haka nailan mai taushi ya ishi mai koyo. Kada a ɗaura wa yaro foliyesta a tamke don kawai an ga zakaru suna yi, domin tsirkiya ana sake ta da kuɗi kaɗan, jijiyar gwiwar hannu kuwa takan ɗauki watanni kafin ta warke. Wanda kuma ya zo sayen 'yar roba domin hannunsa na ciwo, a gaya masa gaskiyar abin da take yi da wanda ba ta yi, ya sassauta ɗauri, ya kuma ga likita.